Dutse da Fili: Jojiyawan Faridunshahar da Azbinawan Arewacin Kano a Mizanin Riƙon Harshe

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi abin da yake sa baƙin al'umma su riƙe harshensu ko su sake shi, ta hanyar gwama al'ummu biyu da ba a saba ambaton su tare ba. Ta farko ita ce Jojiyawan garin Faridunshahar da ke kan duwatsun Zagros a ƙasar Iran, waɗanda suka shekara ɗari huɗu ba su bar harshen kakanninsu ba. Ta biyu kuwa ita ce zuriyar mutanen Azbin da suka zauna a karkarar Kano, musamman arewacinta, waɗanda harshensu ya ɓace amma sunan asalinsu ya tsaya. An kawo Ningi da Mai Wurno domin a gwada ra'ayin nan da ya zama ruwan dare, wato cewa dutse ne yake tsare harshe, fili kuma ya cinye shi.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi nazarin taswirar harsunan arewacin Nijeriya ya san inda ƙananan harsuna suka yi dandazo: tsaunukan Filato, da duwatsun kudancin Bauchi, da na Mandara, da na kudancin Zazzau. Ya kuma san inda taswirar ta zama launi ɗaya tal, wato filin nan da ya tashi daga Kano ya nufi Katsina da Daura. Daga wannan ne manazarta da dama suka ɗauka, ko da ba su furta ba, cewa yanayin ƙasa ya isa ya bayyana komai. A ganinsu, harshen da ya hau dutse ya tsira, wanda ya sauko fili kuwa Hausa ta haɗiye shi.

Akwai gaskiya a cikin wannan zance, amma gaskiyar ba ta cika ba, kuma dogaro da ita yana hana mu yin tambayar da ta fi amfani ga nazarin Hausa: ta wace hanya, a cikin wane gida, a bakin wa, baƙo yake zama Bahaushe? Domin a ga abin da kyau, yana da amfani a fara da misalin da yake nesa da mu, wanda ba mu da son rai a cikinsa.

2.0 Faridunshahar

Faridunshahar ƙaramin gari ne a lardin Isfahan, yamma da birnin Isfahan, a yankin da ake kira Faridan. Yana bisa tudun da ya kai kimanin mita 2,500 daga doron teku, don haka ake lissafa shi cikin garuruwa mafiya tudu a Iran. Idan aka tuna cewa birnin Kano bai kai mita 500 ba, kuma ƙololuwar Bagazam, wadda ita ce mafi tsawo a Jamhuriyar Nijar, mita 2,022 ce, za a fahimci irin wurin da ake magana. Ƙanƙara takan rufe shi a lokacin sanyi. Mutanen garin ba su kai dubu ashirin ba, kuma kaso mai yawa daga cikinsu Jojiyawa ne, wato jinsin mutanen ƙasar Jojiya da ke yankin Kokasus, fiye da kilomita dubu daga nan.

Yaƙi ne ya kawo kakanninsu Iran. Tsakanin 1614 da 1617, lokacin da Muhammadu Zaki yake sarautar Kano bisa lissafin shekarun da Palmer ya ba sarakunan Kano, Shah Abbas na Ɗaya na daular Safawiyya ya kai hare-hare a kan masarautar Kakheti da ke gabashin Jojiya, ya kwashe jama'a da marubuta tarihi suke ƙiyasta sun haura dubu ɗari. An warwatsa su a Mazandaran da Isfahan da Faris da sauran wurare. Wasu Jojiyawa sun yi fice a fadar Safawiyya a matsayin bayin sarki masu riƙe da runduna da larduna, abin da ba zai zama baƙo ga wanda ya san matsayin Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a fadar Kano ba. Allahwardi Khan, wanda babbar gadar Isfahan mai baka talatin da uku take ɗauke da sunansa, Bajojiye ne.

Abin lura shi ne, kusan duk waɗannan jama'a sun narke. A Mazandaran akwai ƙauyen da har yau ake kira Gorji Mahalle, ma'ana unguwar Jojiyawa, amma harshen ya daɗe da barin bakin mazaunansa. A Faridan kaɗai ya rayu, a Faridunshahar da wasu ƙauyuka da garuruwa na kusa irin su Afus da Buyin Miyandasht da Sibak. Karin harshensu yana da dangantaka da kare-karen gabashin Jojiya, ya riƙe wasu tsofaffin siffofi, ya kuma ari kalmomi masu yawa daga Farisanci. Masanin harshe Arnold Cikobaba ya yi rubutu a kansa tun a shekarun 1920. Suna kiran garinsu Martkopi, sunan wani gari na can Jojiya. Suna kuma da labarin da ya ɗaure su wuri guda, na tsaunin Tsikhe inda kakanninsu suka fake suka yi wa rundunar Karim Khan Zand turjiya a ƙarni na 18.

Akwai wani abu guda da ya kamata manazarcin Hausa ya tsaya a kansa. Jojiyawan Faridan ba Kiristoci ba ne kamar yawancin 'yan'uwansu na Kokasus. Musulmi ne 'yan Shi'a, addininsu ɗaya da maƙwabtansu Farisawa da Bakhtiyarawa. Mun saba jin cewa wanda ya musulunta a ƙasar Hausa ya kama hanyar zama Bahaushe ke nan, har wasu suna magana kamar karɓar addinin ne da kansa yake kashe harshe. Ga jama'a nan da suka sauya addini, suka riƙe harshe ƙarni huɗu. Saboda haka dole a nemi dalilin a wani wuri.

3.0 Daga Azbin Zuwa Ƙasar Kano

Alaƙar Azbin da ƙasar Hausa tsohuwa ce ƙwarai. Tarihin Kano da Palmer ya buga a 1908 ya ambaci zuwan Azbinawa Gobir da yawaitar gishiri a zamanin Sarkin Kano Yakubu, a tsakiyar ƙarni na 15. A cikin birnin Kano akwai unguwar Agadasawa, kuma Fagge ta daɗe tana zangon masu raƙuma. Amma abin da ya shafi wannan maƙala ya fi faruwa a karkara.

Ayarin gishiri yana da tsarinsa na shekara. Bayan damina Azbinawa sukan tashi daga duwatsunsu su ratsa Tenere zuwa Fachi da Bilma, su ba da gero su karɓi gishiri da dabino. Daga nan su dawo Azbin, su gangaro kudu ta Damargu, su shigo ƙasar Katsina da Daura da Kano da rani, su sayar da gishiri da kanwa, su sayi gero da turkuɗi da sauran kayan saƙa, sa'an nan su koma kafin ruwa ya sauka. Da irin wannan ayari na Kel Ewe Heinrich Barth ya taho, ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851. Raƙuma dubbai ba sa zama a cikin ganuwa. A gonakin da aka girbe suke yin rani, suna cin ƙaya da sauran kara, suna barin taki, kuma manomin arewacin Kano, wanda ƙasarsa jigawa ce mai buƙatar taki kowace shekara, bai taɓa ƙin irin wannan baƙo ba.

Paul Lovejoy da Stephen Baier sun nuna a wata maƙala ta 1975 cewa manyan Azbinawa ba su tsaya ga wucewa kawai ba. Sun kafa ƙauyukan bayinsu da barorinsu a kan hanyar, tun daga Damargu har cikin ƙasar Katsina da Kano, domin su noma musu gero, su sauki ayari, su zama mafaka idan fari ya afka wa arewa. Kalmar Buzu ko Bugaje a asali waɗannan talakawa take nufi, kafin Hausawa su faɗaɗa ta ta haɗa har da iyayen gijinsu. Daga cikin irin waɗannan jama'a ne, a bayanin Lovejoy cikin littafinsa na 1980 a kan fataucin goro, Agalawa da Tokarawa suka fito. Sun fara zama a ƙarni na 18 da farkon na 19, suka watsu a garuruwa da ƙauyukan Katsina da Kano, suka haɗa noma da fatauci, har su da Kambarin Barebari suka mamaye hanyar Gwanja. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji wajen 1877 ya rasu a 1955, Ba'agale ne, kuma a fataucin goro ya fara kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama abin nema.

A nan ya kamata a yi hattara. Batun asalin bauta magana ce mai nauyi a wurin mutanen da ake magana a kansu, kuma abin da manazarci ya rubuta daga rumbun adana takardu ba lallai ne ya zo daidai da abin da dattijon gida zai faɗa game da kakanninsa ba. Mai bincike da ya shiga ƙauye da amsarsa a aljihu ba zai ji komai ba sai gaisuwa.

Sauko da mutanen Azbin bai tsaya a ƙarni na 19 ba. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Kanawa suke tunawa da sunan Kakalaba, ta turo wasu. Bayan tawayen Kawusan, wanda ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas daga Disambar 1916 zuwa Maris na 1917, ramuwar gayyar da Faransa ta yi ta kusa mayar da Azbin kufai, jama'a da yawa suka gudo kudu. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 suka kawo waɗanda muka fi sani yau, masu rawani da takobi a ƙofar gidajen birni. Waɗannan na baya suna jin Buzanci, wato Tamajak, har yanzu. Na farko kuwa, Agalawa da Tokarawa, Hausa ce harshen uwarsu tun kaka da kakanni, kuma karin Kananci ko Katsinanci suke yi ba tare da wata alama ba.

Ba Azbinawa kaɗai wannan fili ya haɗiye ba, kuma wannan yana da muhimmanci ga hujjar. Idan ana neman abin da ya fi kama da aikin Shah Abbas a ƙasar Kano, to a dubi gandayen sarki. Tarihin Kano ya ba da labarin Galadima Dauda wanda ya kafa garuruwa ashirin da ɗaya ya zuba bayi dubu a kowanne, a zamanin Abdullahi Burja. A ƙarni na 19 Sarki Ibrahim Dabo ya mayar da Fanisau ribaɗi a lokacin yaƙinsa da Ɗantunku, kuma a can Clapperton ya same shi a 1824. Fanisau da Gasgainu da Wasai da sauran gandayen arewa da birni sun cika da bayin da aka kamo daga kudu, ciki har da Warjawa da aka kwaso a yaƙe-yaƙen Abdullahi Maje Karofi. Mohammed Bashir Salau ya yi littafi guda a kan Fanisau a 2011. Waɗannan mutanen duwatsu ne da aka sauko da su fili da ƙarfi, akasin Jojiyawa da aka kai dutse. 'Ya'yansu da aka haifa a gandu, wato cucanawa, da Hausa suka buɗe baki. Haka nan masu mulkin kansu: Dambazawan Dambatta da Yolawan Dawakin Tofa da Sulluɓawan fada Fulani ne, amma Fillanci ya bar gidajensu, alhali Bafillacen ruga da ke kiwo a bayan garinsu yana riƙe da shi. Bawa da ɗan kasuwa da basarake, duk hanya ɗaya suka bi.

4.0 Abin da Cinkoso Yake Yi wa Harshe

Michael Mortimore ne ya fito da siffar wannan yanki a fili a shekarun 1960. Ya shata kewayen Kano inda yawan jama'a ya haura kimanin mutum 350 a kowane murabba'in mil, inda ake noma fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙasa kowace shekara ba tare da hutu ba, ana riƙe ta da takin dabbobi da sharar birni da jakuna suke kaiwa. Masana tattalin arziki da labarin ƙasa sun ci moriyar wannan bincike matuƙa. Mu masu nazarin harshe ba mu yi amfani da shi yadda ya kamata ba, alhali yana bayyana mana yanayin da yaro yake koyon magana.

A irin wannan ƙasa babu dajin da baƙi za su sara su kafa yanki nasu na kansu. Wanda ya zo sai dai ya sami gona a tsakanin gonaki, ta hanyar aro ko jingina ko saye ko kyautar dagaci, gidansa kuma ya zauna a inda ake jiyo sallamar maƙwabci. Ko da an kafa unguwa an sa mata sunan Agalawa ko Tokarawa ko Buzaye, tafiyar 'yan mintoci ce tsakaninta da unguwar da ba a jin komai sai Hausa. Rijiya ɗaya ce, masallacin Juma'a ɗaya, gayya ɗaya. Kasuwannin Bichi da Dambatta da Kunci da Minjibir suna ci bi da bi, kowa yana da kasuwar da zai je ya dawo a yini. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai, sai dai a nan maɗaukin kanwar ne ya kwashi launin masu masaukinsa.

A Faridan lamarin ya sha bamban ta fuskoki uku. Na farko, an zaunar da Jojiyawa ne jimla, maza da mata da yara, a ƙauyuka masu maƙwabtaka da juna, da ƙasar noma da ta kiwo a hannunsu. Yaro yana iya girma, ya yi noma, ya yi aure, ya tsufa, bai buƙaci wani harshe ba sai ranar da zai gana da jami'in haraji. Na biyu, maƙwabtansu ba harshe ɗaya suke yi ba: akwai Bakhtiyarawa masu Lurci, da masu Turkanci, da Armeniyawa, da masu Farisanci, saboda haka babu harshe guda da ya tsaya musu a ƙofar gida dare da rana. Na uku shi ne sanyi da wahalar hanya, waɗanda suke rage zirga-zirga na tsawon watanni. Dutse ya taimaka, amma ta hanyar rage cuɗanya ya taimaka, kuma shi ne na ƙarshe a cikin ukun.

Wurin da aka fi mantawa da shi, a ganina, shi ne cikin gida. A karkarar Kano matan aure suna cikin kulle, amma suna sana'a, kuma Polly Hill ta nuna girman wannan ciniki na cikin gidaje a bincikenta na Batagarawa da na kewayen Kano. Wanda yake haɗa gida da gida shi ne yaro: shi ke talla, shi ke aike, shi ke kai bashi ya karɓo. Da safe yana makarantar allo, inda ake fassara masa komai da Hausa, da dare yana dandali. Ko da uwa tana yi masa Buzanci a ɗaki, yinin yaron gaba ɗaya da Hausa yake yin sa, kuma ita kanta uwar da Hausa take lissafin ƙuli-ƙulinta. Idan wannan yaro ya girma ya haifi nasa, ba shi da dalilin da zai juya harshe ya yi musu magana da abin da shi kansa bai iya sosai ba. Tsara biyu zuwa uku sun isa.

Wani zai ce auratayya ce ta yi aikin. Amma misalin Agalawa ya nuna cewa ba ita kaɗai ba ce, domin an san su da auren junansu da riƙon asali da tsagar fuska tasu. Sun tsare jini da dukiya da amana a tsakaninsu, suka saki harshe. Dalilin a fili yake idan aka dubi sana'arsu. Falke yana buƙatar wanda zai ba shi bashi, da wanda zai sauke shi a Salaga ko Kumasi, da madugun da zai amince masa. Sunan Ba'agale yana buɗe masa waɗannan ƙofofi. Buzanci kuwa ba ya buɗe ko ɗaya, domin harshen zango da na hanyar Gwanja Hausa ne. Sun riƙe abin da yake da amfani a kasuwarsu.

Sai kuma batun daraja. A wurin Bajojiyen Faridan, harshensa shaida ce ta cewa shi jikan mayaƙa ne masu ƙasa. A wurin Bugajen da aka zaunar a gonar ubangijinsa, Buzanci harshen wanda yake karɓar geronsa ne. Hausa ce harshen malanta da fatauci da 'yanci, kuma wanda ya iya ta, ya yi karatu, ya tara jari, babu mai tambayar sa daga ina kakansa ya fito sai a wurin neman aure. Ba a ƙwace musu harshe ba, kuma ba daidai ba ne a riƙa rubuta labarinsu kamar hasara ce zalla.

Akwai dalili na ƙarshe wanda ya rushe zancen dutse daga tushe. Mutanen Azbin ba su fara jin Hausa a Kano ba. Barth ya tarar ana amfani da ita sosai a tsakanin Kel Ewe a cikin duwatsunsu, kuma ruwayoyin Gobirawa suna cewa a Azbin suka zauna kafin su gangaro kudu. A Agadas ya sami wani karin harshen Songhai, wanda yanzu ya mutu, Hausa ta maye gurbinsa a matsayin harshen gari. Ke nan waɗanda suka sauko sun zo ne da harsuna biyu a baki, suka ajiye ɗaya. Jojiyawa kuwa sun isa Faridan ne daga ƙasar da take da harshenta da rubutunta na daban.

5.0 Ningi da Mai Wurno

Misalai biyu daga tarihin Hausawa kansu sun isa su gwada hujjar. Wajen 1846 Malam Hamza da wasu malamai suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano bayan saɓani da hukuma a kan kuɗin ƙasa, suka hau duwatsun Ningi cikin Butawa da Warjawa da Fa'awa da Kudawa. Suka kafa mulkin da ya addabi Kano da Bauchi da Zazzau har zuwan Turawa a 1902. Su ne 'yan tsiraru, su ne baƙi, amma harshensu ne ya yi rinjaye. Harshen Butawa da Ningawa ya mutu, na Kudawa ya kusa, duk da cewa a kan dutse suke. Warjanci da Fa'anci, waɗanda masu su suke da yawa kuma suke zaune a dunƙule a ƙasarsu, suna nan da rai. Dutse ɗaya, sakamako biyu.

Mai Wurno kuwa fili ne shimfiɗaɗɗe a bakin Shuɗin Nilu a Sudan. Waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi a ƙarƙashin Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Babu tsauni, addininsu ɗaya da Larabawan da ke kewaye da su, kuma Larabci harshe ne da suke girmamawa. Duk da haka Fillanci da Hausa sun rayu a can shekaru da dama, kamar yadda binciken Al-Amin Abu-Manga ya nuna, domin sun zo jimla da iyalansu da sarkinsu, sun sami ƙasa tasu, kuma suna da labarin hijira da yake gaya musu su wane ne. Ta wannan fuska Mai Wurno ta fi kama da Faridunshahar fiye da kowane gari na kan dutse a Nijeriya.

6.0 Abin da Ya Rage a Ƙasa

Harshen da ya bar bakin mutane ba ya tafiya da komai nasa. Maarten Kossmann ya tattara kalmomin da Hausa ta ara daga harsunan Berber a littafinsa na 2005, kuma mafi yawansu ta hanyar Buzanci suka shigo. Raƙumi da amale da ayari da takobi da cokali da tozali da takarda suna cikinsu. Har doki mai daraja da ake kira bagazam, sunan dutsen Azbin yake ɗauke da shi. Irin kalmomin yana nuna irin hulɗar: dabba, da tafiya, da kayan da ake saye da sayarwa. Amma waɗannan kalmomi na dukkan Hausawa ne, kuma ƙamus ya riga ya kama su. Abin da ƙamus ba ya kamawa shi ne abin da ya rage a gidajen zuriyar su kansu: sunayen dangantaka, da laƙabin da kaka take kiran jika da shi, da kirarin zuri'a a bakin maroƙa, da al'adun aure da haihuwa, da wasan barkwanci tsakaninsu da wasu, da sunayen gonaki da rijiyoyi da unguwanni.

Sunayen wurare su ne mafi daɗewa. Kamar yadda Gorji Mahalle ta tsaya a Mazandaran bayan Jojiyanci ya tafi, haka Tokarawa take a gabashin Kano a kan hanyar Haɗeja, yau masana'antu sun kewaye ta, haka Agalawa take a yankin noman rani na Kadawa, haka Bugaje take a ƙasar Jibiya. Jerin unguwanni da ƙauyuka na yankunan Bichi da Tsanyawa da Kunci da Makoɗa da Dambatta da Minjibir, idan aka bi shi suna bayan suna aka haɗa da littattafan kimanta haraji na farkon mulkin mallaka da ke rumbun adana tarihi na Kaduna, zai ba da taswirar zaman baƙi wadda taswirar harsuna ta shafe. Tsagar fuska kuwa tana gab da ƙarewa, domin wanzamai sun daina yin ta ga yawancin yaran da ake haifa yanzu, kuma dattawan da suke iya duban fuska su faɗi asali suna raguwa kowace shekara.

Iyalan da suka sauko bayan 1973 da 1984 suna tsakiyar hanyar da Agalawa suka gama bi. A gida ɗaya ana iya samun kaka mai Buzanci, da uba mai harsuna biyu, da jikan da yake ji amma ba ya mayarwa. A can Faridan ma hanyar mota da makarantar gwamnati da talabijin, dukkansu da Farisanci, sun hau dutsen, kuma a wasu garuruwan yankin matasa sun fi sakin baki da Farisanci. A Faridunshahar an mayar da martani da koyon haruffan Jojiya, waɗanda kakanninsu suka daɗe da mantawa, har ana ganin su a allunan shaguna, kuma a farkon shekarun 1970 wasu iyalai kaɗan sun koma Jojiya da zama. Buzayen Kano na yanzu su ma suna da haruffansu na Tifinag, suna da motar Agadas da wayar salula da take haɗa su da dangi a Timiya da Iferwan, abubuwan da Bugajen ƙarni na 18 ba su samu ba.